Sanjar Ya Ƙi Shiga Tukunya

Duk wanda ya ce maka ya ga wasan igiya, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Margilan ba, ƙyale shi da labarinsa, tsalle-tsallen yara ya gani. A garin nan ne ake kafa turaku masu tsawon hasumiya, a ɗaure igiya a tsakaninsu, mutum ya hau da doguwar sanda a hannu, ba raga a ƙasa, ba komai sai Allah. Kuma cikin masu hawa igiya kaf, tun zamanin da muke tsintar auduga cikin ƙanƙara da yatsu a farfashe, ba a yi kamar Ergash ba. Sau biyu yana faɗowa daga sama. Na farko ya karya ƙugu. Na biyun ya bar haƙoransa na gaba a filin kasuwar Kokand, ya tashi ya tofar da jini, ya sake kama tsani. Har ya tsufa bai gaji da ba da labarin nan ba, kuma da gaskiyarsa, mu mutanen da ba da kwali aka yi mu ba.

To amma yau ba Ergash ne a gabanmu ba, jikansa ne, Sanjar.

Kowace ƙungiyar masu igiya tana da yaron da ake kira marar ƙashi, shi ne mai riƙe 'yan kallo a ƙasa in na sama yana hutawa. Wasu da duka da kuka ake lanƙwasa su tun suna ɗanyu. Sanjar kuwa haka Allah ya sauko da shi. Yana ɗan ƙarami aka same shi yana barci da diddige a ƙeya, kamar wanda ya tada kai da matashi. Ranar Ergash ya yanka tunkiya, ya zaga unguwa yana cewa Allah ya tuna da gidansa. Uban yaron bai gaji sana'ar ba, ya tafi Rasha aikin gini, ya bar matarsa Zumrad da ɗan a hannun tsoho. Kafin Sanjar ya shiga makaranta ya iya lanƙwasawa ta baya ya ɗauki kofin shayi da haƙori daga tsakanin dugadugansa, bai zubar da ko ɗigo ba. Amma abin da ya kai sunansa har Andijan shi ne tukunya.

Tukunyar ƙarfe ce irin ta shinkafar biki, ba ma babbar ba, wadda in ka gan ta za ka rantse ɗan akuya sai an raba shi biyu kafin ya shiga. Sanjar zai tuɓe riga, ya zauna a ciki, ya naɗe ƙafafu a wuya, ya cusa kafaɗu, ya sunkuyar da kai, baffansa Yuldash ya kifa murfi. Sai a busa kakaki, Ergash ya riƙa zagayawa yana zuba wa mutane surutu, yana tambaya ko akwai mai son cinya. In ya ga hankula sun tashi, mata sun fara salati, sai ya bugi murfin da sanda, yaro ya warware kamar igiyar da aka saki. Kai, abin ba a magana.

Yana da shekara goma sha shida zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar sanyi. Zazzaɓi ne irin wanda ya zaga unguwa, kowa ya yi ya tashi. Shi ma zafin jikin ya sauka, tari ya tafi, amma ƙarfi bai dawo ba. Ya kwana yana barci, ya tashi kamar wanda ya kwana dakon buhuna. In ya miƙe tsaye sai duniya ta yi masa duhu, zuciya ta riƙa bugu kamar ganga. A makaranta malami ya yi magana, maganar ta zo kunne ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da ya fi ɗaure masa kai kuwa, gajiyar ba ta zuwa lokacin aiki. Yau zai ɗebo ruwa, ya share tsakar gida, ya ji kamar ya warke. Gobe ko jibi sai ta zo ta danne shi, ko cokali ya ɗaga ya ji kamar guduma. Ga gwiwoyi da kafaɗu suna ta zugi.

Zumrad ta ce bakin mutane ne, ta yi ta turara shi da ganyen isirik har ɗakin ya koma kamar tanderu. An kai shi asibitin unguwa aka ɗebi jini, aka ce jini lafiya lau.

Ergash kuwa ya duba ya ce shi ya gane. A sana'arsu, in marar ƙashi ya fara kukan gaɓoɓi ma'anarsa ɗaya ce: girma ya zo, jiki ya fara daskarewa. Maganin da aka gada kaka da kakanni shi ne a ƙara miƙa shi. Saboda haka kullum bayan sallar asuba sai ya narka kitsen jelar tunkiya, ya shafe yaron da shi da ɗuminsa, ya kifa shi a kan darduma, ya sa gwiwa a gadon bayansa, ya ja hannuwa.

"Bobo, da zafi," in ji yaro, don haka suke kiran kaka a can.

"Da zafi! Ku ji min ɗan zamani. Ni da ƙugu a karye na hau jaki daga Rishtan zuwa nan, ina waƙa."

"Ba irin wannan ba ne, Bobo. Ƙarfin ne babu."

"Ƙarfi a kasuwa ake sayar da shi? A cikin aiki yake. Raggo ne kaɗai yake zama yana jiran ƙarfi ya zo ya yi masa sallama. Miƙe!"

In an gama yaro ya yini a kwance. Tsoho ya ce to kun gani, daskarewar ta yi nisa, gobe sai an ƙara. Haka aka yi ta zuba wa wuta mai, ana mamakin ta ƙi mutuwa.

Ana cikin haka aka gayyace su bikin kaciya a Kuva. Sanjar ya shiga tukunya kamar kullum. Ana kifa murfi ya ji kafaɗarsa ta hagu ta zame daga mazauninta, wani raɗaɗi ya bi shi har haƙora. Ya yi ihu, amma wa zai ji ihu a ƙarƙashin ƙarfe ana busa kakaki? Ranar kuma bakin Ergash ya yi zaƙi, mutane suna ta dariya, sai ya ƙara musu da labarin Kokand tun daga farko. Da aka ɗaga murfi yaro bai warware ba. Yuldash ne ya karkata tukunyar ya zazzage shi a kan darduma kamar tuwon da ya kwana. Mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka sabon salo ne.

Maɗori ya mayar da kafaɗar. Amma Sanjar bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba sai da ƙanƙara ta fara narkewa a kan rufin gidaje. Uwarsa ce take ba shi abinci a baki, ko hasken taga ba ya iya kallo.

Da ya ɗan farfaɗo, Zumrad ta ce wa surukinta za ta duba 'yar'uwarta a Fargana, za ta tafi da yaron ya sha iska. Ta sa shi a motar haya ta kai shi wajen wata likita, dattijuwa mai suna Mohira. Matar ta saurare su har suka gama ba ta katse su ba. Sannan ta ce ya taɓa damtsensa da babban yatsan hannun. Ya taɓa. Ta ce ya miƙe hannu, gwiwar hannun ta lotsa baya kamar baka. Ta ce ya dafa ƙasa da tafi, kada ya tanƙwara gwiwa.

"Opa likita, da gwiwar hannu ma ina dafawa," in ji Sanjar, don duk halin da yake ciki jinin Ergash ne.

"Na yarda, ba sai ka nuna min ba. Daga yau ma ka daina nuna wa kowa." Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Jijiyoyin da suke riƙe gaɓoɓinka sun fi na sauran mutane saki, haka aka haife ka. Abin da jijiya ta kasa riƙewa tsoka ce take fama da shi ba hutu. Duk miƙar da ake yi maka, ƙara kwance ka ake yi. Gajiyar nan kuma ciwo ce mai zaman kanta. Takan biyo bayan zazzaɓi, kuma nakan yawan ganinta ga yara masu jiki irin naka. Kada ka tambaye ni dalili, ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Ba ta fitowa a jini."

"To ki rubuta mana allura, likita," in ji Zumrad.

"Da akwai da tuni na rubuta, ƙanwata. Sanjar, ka ga yadda ake zuba wa baƙo shayi, ɗan kaɗan a gindin kofi? To ƙarfinka na yini ke nan yanzu. In ka kurɓa a hankali ya kai ka yamma. In ka shanye da safe, har da na gobe da na jibi ka sha. Ka riƙa hutawa tun kafin ka gaji. In jiki ya ɗan zauna, sai mu fara ƙarfafa tsoka sannu-sannu. Yara da yawa suna samun sauƙi, amma ba abin wata ɗaya ba ne. Tukunya kuwa, a dafa shinkafa a cikinta."

Sanjar ya ce, "Ke nan ba lalaci ba ne?"

"Na ga malalata da yawa, ɗana. Ban taɓa ganin wanda ya yi hawaye don an hana shi aiki ba."

Sai a lokacin ya san fuskarsa a jiƙe take. A hanyar komawa ya kafa ido a tagar mota. Zumrad ta ɗauka baƙin ciki ne. Ba shi ba ne, fushi ne, irin wanda yake tsayawa a ƙirji kamar dutse. Ya tuna duk asubar da aka sa masa gwiwa a baya, yana cije leɓe yana zagin kansa, yana cewa Bobo ya fi shi sani.

Sun tarar da Ergash a kan dakalin katako a ƙarƙashin inabi, yana shan shayi. Direban motar ɗan unguwa ne, labari ya riga su shiga gida.

"Kelin, matar ɗana, sannu da hanya. Ya 'yar'uwar taki? Ko ita ma farar riga take sawa yanzu?"

Zumrad ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta faɗi duk abin da likita ta ce. Tsoho ya saurara yana juya kofi a hannu.

"Jini lafiya?"

"Lafiya, Baba."

"Ƙashi a karye?"

"A'a."

"To ciwon da ba ya jini, ba ya ƙashi, ba shi da allura, a ina yake zaune? A bakin likita? Mace ta ƙare rayuwarta a kan kujera, ita za ta koya min jikin marar ƙashi? Ni na yi wannan yaron da hannuna."

"Allah ne ya yi ni, Bobo," in ji Sanjar. "Ku ja kawai kuka yi."

Zumrad ta dafe baki. A gidan nan ko Yuldash mai furfura a gemu bai taɓa mayar wa tsoho magana ba. Ergash ya ajiye kofin a hankali, ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da ɗamarar alharini, tsohuwa, wadda launinta ya koɗe saboda gumin mazaje.

A wajen masu igiya, kamar maƙera da masaƙa, mai koyo ba ya zama mutum sai ubangidansa ya ɗaura masa ɗamara a gaban dattawa, ya ɗaga hannu ya yi masa fatiha. Wanda ba shi da fatiha ba ƙungiyar da za ta karɓe shi, ba ya koyar da kowa, kuma in an tashi buɗe wasa ana jera sunayen mutanen gidan a cikin addu'a, ba a ambatonsa. Tun Sanjar yana ƙarami yake jin jerin nan yana laluben inda sunansa zai shiga. Ba abin da ya taɓa so a duniya kamar wannan ƙyallen.

"Ka gan ta?" in ji Ergash. "Ranar bikin Nawruz, a babban fili, gaban duk garin nan, za ka shiga tukunya ka fito, in ɗaura maka. In ka ƙi, da ita za a binne ni."

"Ba zan shiga ba, Bobo."

"In kakaki ya busa za ka shiga. Na san jinina."

Washegari da asuba tsoho ya zo da kaskon kitse. Sanjar ya zauna, ya jingina da bango, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya ce a'a. Suka kalli juna har kitsen ya daskare. Daga ranar Ergash ya daina yi masa magana, in zai ba da saƙo sai ya ce, "Kelin, ki faɗa wa baƙonki." Amma bai fasa zuwa gidan shayi yana shelar cewa bana za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Sanjar ya kama bin maganar likita. Ya je makaranta rabin yini, ya dawo ya kwanta. In aka aike shi sayen gurasa ya zauna a bakin magudanar ruwa a hanya, samari suna wucewa suna tsokana.

"Sannu, kaka! A kawo miki sanda?"

"Marar ƙashi ya zama marar zuciya!"

Ya bar su. Abin da ya sani shi ne kwana ya fara haɗuwa da kwana bai faɗi ba.

Ana gab da Nawruz, bikin fitar sanyi, mata sun fara tsirar da alkamar abincin bikin, baffansa Yuldash ya same shi a ɗaki. Yuldash mutum ne mai sanyi, duk ƙarfin halinsa a sama yake, in ya sauko ƙasa ba ya son rigima.

"Ɗana, sau ɗaya ne fa. Ka shiga, ka fito, ka karɓi abinka. Daga nan in ka so ka kwanta har kaka. Ni zan ɗaga murfin da wuri, ba zan jira surutun tsoho ba."

Ƙarya ne a ce maganar ba ta shige shi ba. Ya rufe ido ya ga ɗamarar a ƙugunsa, ya ji sunansa a bakin Bobo. Sannan ya ji warin ƙarfe da tsohon mai, da duhun nan.

"A Kuva ma sau ɗaya ne, Baffa. Kuma in na shiga ranar, me mutane za su ce? Ashe yana iyawa, da ma shegantaka ce. Bobo zai karɓi bukukuwan bazara duka da sunana. Wanda aka ɗaura wa ɗamara yana cewa ba zai yi wasa ba?"

Yuldash ya sosa gemu. "To ka zauna a gida. Mu ce ka tafi wajen ubanka."

"Sata na yi da zan ɓuya?"

Kwanakin da suka rage ya yi su a kwance, yana tara ƙarfin da zai kai shi fili.

Ranar Nawruz Margilan ta cika ta batse. Itatuwa sun yi fure, 'yan mata sun sha alharini kamar an zubo bakan gizo, ƙamshin nama da karas ya rufe gari. An kafa turaku tun jiya. Ergash ya fito cikin rigarsa ta wasa, ya ɗaga hannu, ya jera sunayen magabata, jama'a suka shafa. Yuldash ya hau, ya yi tafiya da ido a ɗaure, ya yi da faranti a ƙafa, ya sauko yana haki. Sai aka mirgino tukunya tsakiyar fili. Dattawan sana'a suna zaune a sahun gaba, don an faɗa musu yau akwai fatiha.

"Jama'a!" Ergash ya ɗaga ɗamarar sama. "Yau jikana zai shiga nan yaro, ya fito namiji!"

Aka busa kakaki. Sanjar ya tashi daga gefen uwarsa, ya taka a hankali har tsakiya. Gaskiyar tsoho, jinin ya motsa, har hannunsa ya kai ga wuyan riga da kansa. Ya sauke shi. Ya jira kakaki ya yi shiru.

"Assalamu alaikum, iyayena," ya ce. Muryar ba ta da ƙarfi, sai da na gaba suka tsawata wa na baya. "Ba zan shiga ba. Ba ni da lafiya. Ciwon ba ya fitowa a fuska, amma yana nan. Ba yau kaɗai ba, na bar tukunya. Na zo ne in faɗa da bakina, kada a ce na gudu."

Filin ya yi tsit, ana jin tafasar shinkafa daga can rumfuna. Sai wani ya yi fito. Sai Nishon mahauci, wani ƙato mai tumbi kamar randa, ya daka ihu daga tsakiyar mutane.

"Ba shi da lafiya! Ku dubi kumatu! Ergash, ashe kaza ka ƙyanƙyashe a gidan shaho? Raggo ne kawai!"

Dariya ta ɓarke. Sanjar ya ga duhun nan ya fara taruwa a gefen idonsa. Ya kafa diddige, bai sunkuyar da kai ba.

Ergash ya juya kamar wanda kunama ta harba. "Wa ya yi magana? Kai ne, Nishon? Matso in gan ka. Ni in na ce masa raggo, jikana ne, ni na goya shi. Kai wa ya ba ka? Yaron nan kafaɗarsa ta fita a cikin ƙarfen nan a Kuva, ya zauna da ita har na gama labari. Kai da aka cire maka haƙori a bara, har tasha aka ji kukanka! Zo ka sa mana ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya tak, in ba ka rigar jikina."

"Ɗuwawunsa ma sai tukunyar masallaci!" wata tsohuwa ta ƙara, dariya ta koma kan mahauci, ya shige cikin mutane yana gunaguni.

Zumrad ta ɗauka shi ke nan, zuciyar tsoho ta karye. Ba ta san Ergash ba. Ya matso kusa da jikansa, ya yi ƙasa da murya, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Na rufe bakin kare, ba don na yarda da kai ba. Ga ta nan a hannuna. Shiga."

"A'a, Bobo."

"Ka san fatiha ba sadaka ba ce. Ba zan ɗaga hannu gaban Allah in ce ka gama aikin da ka ajiye ba."

"Na sani."

"Sunanka ba zai shiga jeri ba. A kan Yuldash zai tsaya."

Wannan ta soke shi. Ya kalli ƙyallen, ga shi nan kusa, in ya miƙa hannu zai taɓa. Ya kawar da ido.

"Na sani, Bobo."

"Kuma ba za ka roƙe ni ba?"

"Ku kun taɓa roƙon wani?"

Tsoho ya daɗe yana kallonsa, leɓensa yana motsi a kan giɓin haƙoran nan. Sannan ya naɗe ɗamarar, ya cusa a ƙirjin rigarsa, ya juya ya daka wa masu kakaki tsawa. "Me kuke jira? Ku busa! Yuldash, hau!" Dattawan sana'a suka kalli juna, suka gyara zama. Kuma tsoho ya cika maganarsa, don Ergash ba ya magana biyu. Har ya koma ga Allah ƙyallen nan bai hau ƙugun Sanjar ba, shi kuma Sanjar bai taɓa tambaya ba. Irin mutanen da garin nan yake haifa ke nan, in sun kafe ko dutse ya san da su.

Sanjar ya ratsa cikin jama'a ya fita, wasu suna matsa masa, wasu suna binsa da ido. Zumrad ta cim masa ta kama hannunsa, tana share hawaye da bakin mayafi. Ba su yi nisa ba, ko bakin filin ba su bari ba, ya tsaya a gindin wata bishiya.

"Aya, zan zauna," ya ce wa uwarsa.

"A nan? Ka daure mu sha kwana, ɗana. Kowa yana kallonka."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da bishiyar, ya miƙe ƙafafu sosai.

"Su kalla, Aya. Tun ina yaro suke kallona a naɗe. Yau su gan ni a zaune."